Sallamar La'asar a Ƙofarmu

Ina aji huɗu a firamare ranar da Yaya Sani ya tafi gangamin siyasa, har la'asar bai dawo ba, ga labari ya iso unguwarmu Kambarawa cewa an fara sare-sare. Baba ya kunna talabijin don jin labarai, sai ya tarar da wani tsohon fim kan rikicin zaɓe. Na rakuɓe a gefen tabarmarsa.

Fim ɗin bai nuna jini ba. Wani mutum kawai aka nuna ya yi sallama a zaure, murya ƙasa-ƙasa, riƙe da hular mamaci hannu biyu. Finafinai da yawa sun kwaikwayi wannan wurin daga baya, amma har yau babu wanda ya tsinka mini zuciya kamarsa.

"Wanda ya shirya wannan ya taɓa kai irin saƙon nan," in ji Baba.

Sai wani ya yi sallama a ƙofarmu. Carbin Baba ya tsaya cak.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "leƙa ki gano mani mi ke hannunshi."

Na leƙa. Maƙwabcinmu ne.

"Baba, hannun Yaya ya riƙo."