Na Ƙarshe a Sha Ɗayan Farko

Daga maƙabarta aka wuce da Tsoho filin ƙwallo, domin 'yan wasan yanzu su ji tarihin kulob daga bakinsa. Mai tsaron gidan zamaninsu aka binne yau, yanzu Tsoho kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin.

Ya zauna a benci, ya jingine sandarsa.

"Ku da takalmanku masu tsada! Mu da adda muka share filin nan. Ban taɓa shiga aji ba, amma ƙafar nan ta karantar da garuruwa."

"Baba, wasan kofin fa?" in ji kyaftin.

"Ni na ci ƙwallo uku."

Ya ɗan saurara. Suka gyaɗa kai.

"Uku na ce? Biyar ne! Ɗaya daga tsakiyar fili, ga ruwan sama, ga ƙafata a targaɗe."

"Kai, Baba!" Wani har da tafi.

Ya waiga gefen bencin. Ya mai da ƙwallayen bakwai, yana bin fuskokinsu kamar mai roƙo.

Shekara da shekaru, da ya kawo nan mai tsaron gida zai ture masa hula ya ce, "Ƙarya kake, tsohon banza! Ɗaya ka ci, ita ma da gwiwa." Sai musu har faɗuwar rana.

Yau kowa ya yarda. Tsoho ya sunkuyar da kai.

"Ashe yanzu ko ɗari na ce, ɗari ne."