Mai Jar Alkyabba Bai Mutu Ba

Takalmin farko da aka jefi akwatin talabijin na gidan kallon Yelwa da shi na Arzika ne, sai dai bango ya samu, can gefe.

Lokacin Yauri tana cikin jihar Sakkwato. Shekara biyu cur, kowace Talata bayan la'asar, ana tada janareta a taru kallon Mai Jar Alkyabba, wani Bature mai tashi sama da ke kare garinsu daga Mai Hannun Ƙarfe. Da Turanci ake yi, Malam Umaru na firamare yana tsaye yana fassarawa. To, ranar da za a ƙare wasan, minti biyar na ƙarshe ba wanda ya ce uffan a cikin akwatin, sai wani kiɗa mai sanyi. Malam Umaru ya ja bakinsa. Kiɗan na tsayawa gidan kallo ya hargitse da zagi da Allah-ya-isa.

Arzika ya fi kowa kumfar baki. Ya tsine wa Turawan, ya tsine wa gidan talabijin, ya bi bango ya fice da takalmi ɗaya tun kafin wani ya tsaya yi masa magana.

Dole ransa ya ɓaci, domin wasan nan shi ke cika masa jirgi. Kwalekwalensa ya tsufa, injin sai tari, ga abokin takararsa Lawali ya sayo sabo mai gudu kamar an koro shi. Amma duk safiyar Laraba mutanen tungayen tsallake, waɗanda ba su da talabijin, jirgin Arzika suke jira, don su ji yadda aka kwashe. Yana zaune a baya, hannu a kan inji, da baƙin tabarau irin na 'yan birni, ya riƙa juyo musu maganganun ɗaya bayan ɗaya, har muryoyin yana kwaikwayo. Ba mamaki, kullum shi ke zama gaba, kunnensa kusan a jikin akwatin. Yanzu ga wasa ya ƙare. In labarin ƙarshe bai yi armashi ba, ya san mako mai zuwa Lawali zai kwashe su kaf.

Da safe jirgi ya cika har ana tsoron baki ya sha ruwa. Matarsa Barakatu ta kamo hannunsa daga gida har bakin ruwa kamar kullum, 'yan dako suna tsokana wai tsofaffi ba su san kunya ba. Ta zauna can goshin jirgi da ƙwaryar furarta, tana ƙwanƙwasa ludayi, wani sa'in sau ɗaya, wani sa'in sau biyu. An daɗe ana mata dariya, wai wa take kira ya sayi fura a tsakiyar tafki.

Sai da suka shiga wurin kututture, inda busassun itatuwan da ruwa ya cinye tun datse kogi a Kainji suke tsaitsaye, sannan Arzika ya gyara murya. Ya ba da labarin yadda aka yi ta ɗauki ba daɗi a kan dutse, yadda Mai Hannun Ƙarfe ya yi ha'inci ya soke jarumin ta baya, ya faɗa teku, aka sa kiɗan makoki. Ya ce zalunci ne a kashe mutum irin wannan, kuma shi bai yafe ba. Wata tsohuwa ta fara share hawaye.

"Ƙarya ta."

Ladidi ce, mai bandar kifi daga tsallake. Jiya ta kwana a Yelwa takanas don ta ga ƙarshen da idonta, ita da wasu mutum shida, kuma har yanzu ba ta huce ba.

"Wa anka kashe? Ba a kashe kowa ba. Ya kada mugun ƙasa, muna jiran ya gama da shi, sai yat tuɓe alkyabbar yal lulluɓa mai, yaj juya yat tahi abinai. Shekara biyu shina ja muna rai, ashe ragon banza na."

"Ni nag gani da idona," in ji Arzika. "Gaba nike zaune."

Nan fa jirgi ya rabu biyu. Waɗanda suka kalla suna rantsuwa, waɗanda ba su kalla ba suna cewa Arzika bai taɓa musu ƙarya ba. Wani ya ce to ashe duk abin da ake ba su shekara biyu ƙagaggen labari ne. Wani ya ce daga yau shi da jirgin Lawali. Aka miƙe tsaye, ana nuna juna da yatsa, ana zagin Bature, ana zagin matuƙi. Arzika yana mayar da martani yana karkata kai gefe, gumi na bin wuyansa.

A goshin jirgi Barakatu tana buga ludayi sau biyu, sau biyu, da dukan ƙarfinta, amma ko na kusa da ita ba ya ji. Wani ƙaton kututturen kuka, wanda ya fi mutum tsayi, yana tahowa daidai hancin jirgin, rana tsaka, ba hazo ba komai. Ladidi ta hango shi, ta waiwaya ta dubi Arzika. Fuskarsa na fuskantar kututturen sak, hannunsa bai motsa ba.

Ludayin ya karye. Barakatu ta miƙe, matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Dama, Arzika, dama! Ku yi shiru don Allah ya ji ni, shekara ukku ke nan ba ya gani."