Ƙofar da Ke Cin Wuta

Ina ɗan shekara goma na ga wani wasa a wayar yayana Isiya, cikin shagon waldar Kawu, bayan la'asar.

A wasan kai maigadi ne cikin ɗaki, dodanni na zagayawa a waje. Ƙofofin ɗakin na ƙarfe ne, suna cin wutar lantarki muddin suna rufe. Da wutar ta ƙare, sai su ɗage sama da kansu.

Isiya ya ce maganaɗisu ke riƙe su. Ni na ce dodannin ke jan su.

Kawu ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo.

"Ƙarfe ƙasa yake faɗowa, yara," in ji shi. "Da gangan maƙerin ƙofar ya sa ta ɗage. Ya san za a ɗauke wuta, kuma ba shi ne a ɗakin ba."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wutar layinmu. Fanka ta tsaya, sai warin ƙonannen ƙarfe. Fitsari ya zubo mini a wando. Isiya ma bai yi dariya ba.

Yanzu gadi nake a gida mai ƙofar lantarki, nan Kontagora. Mai gidan yana Abuja. Da sarƙata da kwaɗona nake zuwa aiki.