Bokitin Akawal

Saura awa huɗu a fara tsere, Maigida ya miƙa wa Auta kwalbar allura, ya ce a janye bokitin ruwa daga gaban Akawal, baƙin dokinsa.

Auta ya san aikin maganin. Doki ya yi ta fitsari har shimfiɗarsa ta jiƙe sharkaf. Ruwan jiki ya ragu, jini ya ragu a jijiya, sai ya yi gudu ba haɓo, ga shi sakayau ba nauyi. Abin da ba a faɗa shi ne yadda ido ke zurmawa, ƙafa ta ɗauki rawa, fata in ka tsunkule ta sai ta tsaya cak, ta ƙi komawa.

Da can Yayansa ne ke yin allurar, shi ne kuma ke hawan dokin. Yakan turo ƙofar barga ya rufe, wai Akawal ba ya son idon mutane. Auta ke shara washegari, kuma sharar ba ta taɓa yi masa nauyi ba. Ranar tsere Yaya kan wuni leɓe a tsage, yana zaryar bayan gida, yana dariya wai fargaba ce.

Sau uku suka zo na ɗaya. A na ukun Yaya ya sauko, ya hau sikelin awon mahaya, ya yanke jiki ya faɗi. Aka ce zafin rana ne. Yau kwana ashirin da rasuwarsa.

"Kai nake jira, Auta."

Auta ya zuƙi maganin a sirinji, ya tsiyayar da shi a ƙasa, a hankali, ɗigo bayan ɗigo. Sannan ya tura bokiti gaban doki da ƙafa.

"Ka haukace? Da allurar nan ya ci sau uku! Yayanka bai taɓa yi mini musu ba."

"Bai taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To kwashe komatsanka ka bar mini barga."

"Tun jiya suke ɗaure. Amma sai ya gama sha."

Akawal ya tsoma baki, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Auta ya dafa wuyansa mai sheƙi, inda babu tabo ko ɗaya.

Auta ne ya yi wa Yaya wanka na ƙarshe, shi kaɗai ya ga fatar da ta ƙi komawa, da hudar allura uku a cinya. Nauyin da Maigida ke so a rage, daga nasa jikin Yaya ya riƙa rage shi. Allurar nan ba ta taɓa shiga jikin Akawal ba.