Hular da Inna Ba Ta Gama Ba

Dawowarsa daga maƙabarta ke nan ƙanwarsa ta miƙa masa hular, da allura soke a jikinta.

"Taka ce, Yaya. Inna ba ta samu gamawa ba."

Tun da ya koma Ngawundere, aikinsa zana haruffan wasannin waya ne, irin na da, waɗanda ake ginawa da ƙananan murabba'ai, gida bisa gida. Duk Sallah Inna takan ce ya zo Garwa, shi kuma ya ce sai ya gama. Da ta matsa, sai ya turo hoton aikin a wayar ƙanwarsa, don ta ga abin da ya riƙe shi.

"Ka san ba ta iya karatun boko ba," in ji ƙanwar. "Da ta ga gidajen nan sai ta ce ashe zanen hula ɗanta yake yi, gadonta ya ɗauka. Ta yi ta ƙirgawa tana ɗinkawa, har hannunta ya daina riƙe allura."

Ya juya hular a hankali. Haruffansa ne da koren zare, ko gida ɗaya ba ta kuskure ba. Tambayar da ke fitowa ce idan ɗan wasa ya faɗi: ZA KA SAKE FARAWA?

A ƙasa, inda ake danna E don a sake farawa, farin yadi ne kawai. Babban yatsansa ya danna wurin kafin ya ankara. Allurar ta shige shi.