Ranar da Inna Ta Ce Ta Fasa Makka

Ina 'yar shekara takwas Inna ta samu kujerar Makka. Ana saura kwana kaɗan a tashi, wata maƙwabciyarmu a Gummi ta gaya mata fitilun jirgi mutuwa suke yi in zai tashi ko zai sauka. Inna ta ce ta fasa, ba ta shiga jirgin da wutarsa ba ta zama.

Da la'asar yayanta Kawu, wanda ya taɓa sauke farali, ya ja mu ɗakin ajiyar shinkafa, ya rufe ƙofa.

"Mi kike gani?" in ji shi.

"Ban ganin komi, Yaya."

"Dakata kaɗan."

Muka tsaya cikin ƙamshin sabuwar shinkafa, ina riƙe da zanenta. Sannu a hankali buhuna suka fara fitowa, har da turmi.

Kawu ya ce, "Da gangan suke rage wutar, don ido shi saba da duhu. In wani abu ya taso, nan take kin ga hanyar fita."

Inna ta tuntsire da dariya. Yau duk sun rasu, kuma ba abin da nake kewa kamar dariyar nan.

"To buɗe muna ƙofa," in ji ta. "Ɗinkin tafiyata na wurin tela."