Abin da Baba ya faɗa a shagon nama

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron jingina wa mamaci maganar da ba daidai ba.

Ina yarinya, ba mu daɗe da zuwa Harlem daga Damagaram ba, wata rana bayan azahar na shiga shagon naman da mahaifina yake aiki ina kuka. Yara sun yi mini dariya a makaranta, don in zan yi Turanci sai Faransanci ya kuɓuce mini. Har yau ina jin ƙarnin ɗanyen naman tunkiya da ke hannunsa.

Bai ajiye wuƙar ba, ya ce, "Uwata, share hawayenki. Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya faɗa mana, can da mutanen Faransa sun ci Ingila da yaƙi. Aka daɗe a fadar Ingila ana shari'a da waƙa da Faransanci. Makiyayi yana kiran dabbar da Turanci, mai ci a fada yana kiran namanta da Faransanci. Turancin nan da kike tsoro, da guntunsa kika zo a bakinki."

Baba ya rasu. Shekaranjiya na maimaita wa 'yata maganarsa, ta ce za ta faɗa a ajinsu. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba.

Don Allah wanda ya san tarihin nan ya sanar da ni: gaskiya Baba ya faɗa, ko lallashina kawai ya yi? Kada ita ma a yi mata dariya.